Haƙoran Mota

Shekara uku ina jiran bas a Greensboro
da asuba, bayan aikin dare,
hannuwana na ƙamshin sabulun gidan tsofaffi.
Shekara uku ina zubin adashi
da matan da muke karɓar juna a bakin aiki.
Ran da kwasa ta zo kaina
na nufi filin motoci na bakin babban titi,
inda balan-balan ke rawa a kan igiya
kamar ana suna.

Curtis ne ya taro ni, jan taye a wuya.
Ya karanta sunana, Sa'ude, ya ce Sodi,
ya miƙo gahawa a kofin takarda.
Ya nuna min wata mai ruwan toka, 'yar shekara takwas,
wai wata tsohuwa ce ta riƙe ta,
daga gida sai coci, daga coci sai gida.
Na yi dariya.
A kara ta Maigatari ma
duk saniyar da aka kawo ba ta taɓa ciwo ba.

Ni 'yar Sallau dillali ce.
Ubana bai taɓa taya sa ba
sai ya buɗe masa baki.
To ina haƙoran mota?
Na durƙusa da doguwar rigata na leƙa ƙarƙashi,
na shafa tayoyi huɗu,
na zaro ma'aunin baƙin mai na shinshina.
Na kira Isufu bakanike,
na kara wayar a jikin inji.
Ya yi shiru, ya ce: tana tari,
amma ba tarin mutuwa ba.

A jikin gilashi, dala dubu tara.
A kan tebur, dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu.
A tsakani an zuba 'yan rakiya:
kuɗin takarda, kuɗin wanki,
kuɗin wani shafe da ido ba ya gani,
kuɗin iskar taya ta musamman.
Na ce, har iskar?

Ya ce in manta da jimla,
nawa zan iya a wata?
Shekara shida, da ɗan ruwa a kai.
Na ce ruwan nan ba na shan sa,
ga kuɗina a dunƙule.
Sai murmushin ya rage tsawo.
Sau uku yana shiga wurin manaja,
ina hango su ta gilashi suna kaɗa kai,
ina jin ƙwallo suke hira.
Sau uku yana dawowa da ragin da bai kai kuɗin goro ba.

Baba kan ce ciniki a ƙafa yake, ba a baki ba.
Na ɗauki jakata. Na gode da gahawa.
Ina tafe ina ƙirga taku,
gabana na faɗuwa, don bas ɗin ƙarfe huɗu ya wuce.
Sha bakwai. Sha takwas.
A na ashirin da uku na ji takalmi a bayana.
Sa'ude, in ji shi, daidai wannan karon.

Dubu tara da ɗari biyu.
Babu mai cewa na sallama,
babu Allah ya sa albarka,
sai hannu sau goma sha huɗu a kan takardu
da makulli ɗaya, ɗayan wai ya ɓata.

A hanyar gida wata fitila ruwan goro ta kama.
Na faka a gefe, na yi salati.
Isufu ya ce, murɗa murfin tanki.
Na murɗa. Sai bayan kwana biyu ta mutu,
kwana biyu ina kallonta tana kallona.

Da Yasira ke share kujerar baya
ta zaro safar jariri, ƙafa ɗaya,
da busasshen dankali a ƙasan maɗauri.
Ta ce, Mama, tsohuwar tana da goyo ne?
Na ce jikanta ne, ɗaura bel.
Safar tana nan a aljihun gaba.