Kwalekwalen Laraba

Kwana goma sha ɗaya ruwa na zuba,
hanyar mota ta narke ta koma kunu.
Asibitinmu gadaje tara ne na gora,
rufin ganye, da fitila mai ƙyafta ido.

Naw Hser Gay ta ƙirga maganin zazzaɓi
a tafin hannu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na mutum shida ya rage. Masu rawar ɗari sha tara.
Ba ta faɗa wa kowa ba,
ta dai fara da yara.

Tsoho Saw Kler Doh, da nakiya ta cinye wa ƙafa
a tsallaken Salween, ya ture kofi:
"Ku ba jikata rabona,
ni da zazzaɓi mun daɗe muna gaisawa."

Ran Laraba, rana ba ta leƙo bayan duwatsu ba,
muka ji inji yana tari a kogi.
Muka gangara, taɓo har gwiwa.
Kwali bakwai, ɗaya ya sha ruwa:
ƙwayoyi, ledojin ƙarin ruwa, gidajen sauro,
safar hannu da ta yi wa kowa girma.

Ban san wa ya aiko ba.
Wataƙila wata tsohuwa ce ta tsuke cefanenta
a ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofa.

Daren nan Naw Mu Lah ta sauka. Babu gado.
Muka juye kwali, muka shimfiɗa zane,
muka kwantar da 'yar a ciki.
Daidai kanta akwai jan rubutu,
Naw Hser Gay ta karanta mana a hankali:
a riƙe da kula, yana iya fashewa.