Taku Uku Daga Fuskar Evaristo

Kyamarar aro ce, ta makaranta.
Malama Olate ta biyo ni har bakin matakala:
"Maite, fuska ba a fizgo ta daga nesa.
Ki taka da ƙafarki, ki je inda za ki ji numfashi."

Da asuba muka gangara tudun Valparaíso,
ni da Benja,
zuwa gaɓar da masunta ke sauke kifi,
tsuntsaye na ta dambe a kan hanji.

Evaristo na kan kifaffen bokiti, yana ɗinkin koma.
Na matsa har na wuce gona da iri:
hancinsa ya kumbura a allo,
kunnuwan suka tsere baya.
Na sauya gilashi, na ɗaura mai dogon gani,
na ja da baya taku uku.
Fuskar ta dawo tasa.

Rana na bayansa, ta kunna masa furfura,
ta bar kwarmin idanun a duhu.
Fitila kuwa ba mu da ita.
Benja ya tsinto murfin akwatin kifi,
fari fat, sai ƙarni,
ya tara shi ƙarƙashin haɓa.
Haske ya hau kuncin a hankali
kamar ruwa na bin tsumma.

Na auna daga gilashi zuwa idon da ya fi kusa,
don nan ake ajiye kaifin hoto.
Na ce, "Baba, kada ka motsa."
Ya ce, "Shekara hamsin teku bai bar ni na tsaya ba,
ke ce za ki tsayar da ni?"

Na kafe gwiwar hannu a haƙarƙari,
na rage numfashi.
Ya yi kukan tsadar mai, ya zagi manyan jirage.
Sai na tambayi wanda ya koya masa wannan ƙullin.

Shiru.
Yatsana ya nufi maɓallin kashewa, na hana shi.
"Ƙanena," in ji shi. "Tun bai kai ni tsawo ba."
Ya sunkuyo gaba,
taƙi ɗaya tak,
ya fice daga inda na auna.

A ɗakin tacewa muka gani:
idon ya narke, ya zama hazo mai sheƙi,
kaifin ya koma kan kunnen hagu.
Gashi uku, tsohon tabon ƙugiya, busasshen gishiri.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Malama ta kalla sau biyu.
"Kuskure ne. Ki koma ki sake."

Ranar Laraba na koma.
Ya zauna cak, ido ya fito tar,
ya ba da labarin tsaf kamar mai karanta rasit.
Wannan shi ya ci maki.

Na farkon ban goge ba.
Wani daren nakan kunna shi, in kashe sauti,
in zuba wa kunnen nan ido,
yana karkace wajen teku,
yana jiran a kira shi.