Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Lauratu ta kawo takarda rumfata, Gawon Nama:
"Baba, digiri na biyu, sun ɗauke ni."
Na goge maiƙo a gefen riga kafin in taɓa.

Karatun mi kuma?
Ta ce na wuta ne, marar hayaƙi,
haske mai ratsa ƙashi bai bar sawu ba,
wanda aka gasa wa Gwaggo Kulu daji da shi bara,
sa'ad da muka kwana goma barandar asibiti
muna jiran mai awo guda tak.

To, gashi ai gadonmu ne.
Shekara talatin ina karanta garwashi da tafin hannu:
ya yi yawa, ƙuna; ya gaza, ɗanye.
In na kuskure, tsinke ɗaya na rasa.
Ke fa?

Shiru. Can ta ce shi ya sa sai an koma aji,
ana lissafi, ana leƙen ƙwayar halitta,
yadda take mutuwa, yadda take ɗinke kanta.

Na sayar da jar akuyar nan.
Ungo kuɗin rajista.
Ki auna, Lauratu,
kamar Kulu ce kwance.