Shafin Ƙasa

Ƙarfe biyu na dare a Jos,
janareta na tari a bayan asibiti.
Ni kaɗai a ɗakin kwamfutoci, da rigar sanyi biyu,
ina karanta abin da ba nawa ba.

Ƙaramar tambaya na aika wa cibiyar na'ura,
amsarta ba ta wuce loma ɗaya ba.
Sai ta miƙo mini a faffaɗan kwano
wanda ba a wanke gefensa ba:
rabin sunan wata mata,
lambar gadonta,
da ƙarshen sakamakon gwajin jini.

Cibiyar na da ɗan tulin shafuka
inda take lissafi in tana yi wa wani aiki.
Ta sallami wancan, ta juyo kanka,
ba ta gogewa, a kan tsohon take ɗora sabo.
Duk inda sabon bai rufe ba,
zancen wani na nan kwance, ido buɗe.

Na san wannan cutar tun ina 'yar tara.

Babana Malam Tanimu, shekara goma sha bakwai
yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya,
tebur mai ƙafa ɗaya gajera, an tokare da marfin kwalba.
Hannunsa da nauyi.
In ya yage shafin sama ya sa a ambulan,
na ƙasa fari ne fes ga mai sauri.
Ni kuwa ba sauri nake ba.
Na kwantar da fensir, na shafa a hankali,
haruffa suka taso kamar tsakuwa in rafi ya janye:
Baba Gyang, tsohon mai haƙar kuza,
yana roƙon ɗansa kuɗin magani,
yana cewa kada uwarka ta ji.

Da yamma na faɗa a bakin famfon Gangare,
don a san na iya karatu.
Kafin magariba uwar ta ji.

Babana bai ɗaga mini hannu ba.
Da ma ya ɗaga.
Baba Gyang ya koma bi ta wancan tsallaken titi,
har ya mutu bai sake zama a bencinmu ba.
Daga ranar, kowace wasiƙa shafi biyu take ci:
ɗaya ambulan, ɗaya murhun mai shayi.
Innata ta yi lissafin takarda, ta yi tsaki.
Ya ce, kuɗin rufin asiri ne, ba a neman ragi.

Yanzu ga ni, na kunna abin da zai sa cibiyar
ta tsaya a ƙofa duk sanda za ta sallami mai buƙata,
ta duba iya zurfin da ta taka,
ta bi ta cike shi da lamba ɗaya tak,
ita ce dai, ita ce dai, har bakin tulin.
Wanda ya zo da fensirinsa gobe
sai dai ya shafo wannan lambar,
ba ta da suna, ba ta kwana a gadon kowa.

Da safe Madam Kachollom za ta ce injin ya yi nauyi.
Gaskiyarta, na auna:
kusan ɗaya cikin ɗari.
Zan nuna mata jadawalin, in yi shiru da sauran.

Na sake aika tambayar.
Kwanon ya dawo, loma ɗaya a tsakiya,
gefe sumul.

Sai dai rabin sunan nan
ya riga ya shiga inda ba ni da maɓallinsa.
Zan wuce ta ɗakin mata in an yi asuba,
idona a ƙasa, ba zan ƙirga gadaje ba.