Rabon Gado a Yelwa

Ranar rabon gadon Baba Nomau
an ƙirga jirgin ruwa da injinsa,
gonar shinkafa ta fadama, awaki bakwai.
Da aka iso ɗakin bayan rumbu
mai rubutu ya leƙa, ya mayar da alƙalami aljihu.
Ya ce, "Wannan kam tarkace ne."

Tarkace.
Shekara arba'in mutumin nan yana yawo dominsu,
kasuwar Yawuri, kasuwar Koko, har Zuru a bayan a-kori-kura,
ya dawo da tukunya naɗe cikin babbar rigarsa,
shi kuwa daga shi sai 'yar shara.

Ga farantin tangaran mai shuɗin tsuntsaye biyu,
tsaga ta ratsa tsakaninsu, ba su ƙara haɗuwa ba.
Wurin tsohon kukun kamfani ya saye shi
da kuɗin da Inna ta ba shi na ragon layya.
An yi wata guda ba a gaisa ba a gidanmu.

Ga kofin shayi mai bakin zinariya, ba mariƙi.
Ga kasko ja da ya sha makuba har ya yi sheƙi.
Ga randa mai zanen totuwar masara a kafaɗa,
kamar sawun kaji bayan yayyafi.

Ba ya sayen abu sai ya ƙwanƙwasa da farce,
ya kara kunne.
"Lafiyayya waƙa take yi," in ji shi,
"mai ciwo kuwa tari."
Masu tarin ya fi tausayi. Su ne suka cika ɗakin.

Amma tulunan su ne ciwonsa.
Duk masuncin da tarunsa ya kamo tulu
daga inda ƙauyensu yake kafin ruwan dam ya hau,
ya san ƙofar da zai buga.
Baba ba ya duban zane, ba ya tayawa,
hannu yake zurawa ta wuya, ya rufe ido, yana lalube.
Uwarsa maginiya ce.
Takan danna babban yatsa sau uku daga ciki
tun yumɓu na ɗanye.
Kabarinta na ƙarƙashin ruwa, gaba goma ko fiye.

Ko ya samu? Bai taɓa faɗa ba.

Yaya Barmo ya ɗauki jirgi.
Tumba ta ɗauki awaki, tana ba ni haƙuri da ido.
Na ce a bar mini ɗakin.
Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki.

Da dare na kunna fitila, na bi su ɗaya ɗaya.
Tulu goma sha tara.
Gizo-gizo, ƙurar gero, wata tsohuwar sule.
A na sha huɗu, mai karyayyen baki,
yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi,
sai wani kusa da shi.
Na ukun fa?
Daidai wurin ne bakin ya karye.

Na daɗe zaune.

Da asuba na cika shi da ruwan rijiya,
na ajiye shi gindin ɗorawa.
Kafin hantsi ya yoye rabi,
ƙasa ta jiƙe kewaye da shi,
tururuwa sun yi layi suna sha.