Takalmi Ƙafa Ɗaya

Ni ne Sallau direba,
ko in ce a da,
don wata tara ke nan ban taɓa sitiyari ba.
Tun ranar da aka tare mu a hanyar Batsari
magana ta fice daga bakina
kamar fasinjan da ya sauka bai jira canji ba.

An yi rubutu, na sha.
An yi hayaƙi, na shaƙa.
Likita ya ba ni ƙwaya, fara, 'yar mitsitsiya,
ta kawo barci, Allah ya saka masa,
sai dai barcin da mutanensa yake zuwa.

Wata Laraba matata Hurera ta ja ni
ta Ƙofar Sauri, har ɗakin ƙarshe na asibiti
inda darbejiya ke leƙen taga.
Ba gado, ba allura.
Tabarma, takardu, gawayi,
da fenti cikin gwangwanayen madara.

Malama Tasalla ba ta tambaye ni abin da na gani ba,
alhali kowa da nan yake farawa.
Takarda ta turo mini
kamar mai tura wa baƙo ruwa,
ta ce, "Ɓata ta. Akwai wata."

Ƙato da ni, mai 'ya'ya huɗu,
a ba ni aikin 'yan firamare!
Don kunya kawai na ɗauki gawayin.
Na goga, na goga, na goga
har takardar ta huje.
Ta ɗaga, ta leƙo ni ta hujin,
ta ce, "To. Sai wata Larabar."

Sati biyar baƙi nake zubawa.
A gefena tsoho Nalado yana murza yumɓu,
kullum rumbu yake ginawa,
ya rushe, ya sake.
Wata ɗalibar jinya tana zana ƙofofi,
babu wadda ta yi wa mariƙi.
Ba ma gaisawa da baki,
amma in ruwan wanke hannu ya ƙare
wani zai turo nasa.

A sati na shida hannuna ya yi gaban kansa.
Layi biyu: titi.
Kuka a dama, wadda na sani.
Mutum ban zana ba, ban iya ba, ba na so.
Sai yatsana ya faɗa cikin shuɗi,
ya ajiye wani ɗan abu
a tsakiyar kwalta.

Malama ta zauna. Ta daɗe.
Ta ce, "Wannan fa?"

"Takalmi."

Muryar ta fito da tsatsa,
kamar ƙyauren shagon da mai shi ya yi tafiya.
Nalado ya saki yumɓunsa.

"Na yaron da ke gaba ne, a cinyar uwarsa.
Tun daga tasha yake roƙona
in bar shi ya danna hon.
Na ce ya bari sai mun isa."

Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne.
Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri,
ba wanda ya ce namiji ba ya kuka.
Ɗalibar nan ce ta miƙo tsumman goge fenti,
na share fuska, na koma gida da shuɗi a gemu,
Hurera ta gani, ba ta ce in wanke ba.

Ban warke ba, kada a yi mini shaidar zur.
Ina shan ƙwayar. Ina zuwa Laraba.
Ƙarar babur da dare tana tashina zaune.
Amma rumbun Nalado ya kwana uku a tsaye,
kuma jiya bayan la'asar
na shiga motar maƙwabci, a kashe, a ƙofar gida,
na ɗora autana Mati a cinya,
na ce, "Danna."

Ya dube ni.
Na ce, "Danna mana, yanzu."

Awakin unguwa suka watse.
Wata tsohuwa ta leƙo tana faɗa.
Na ce ya ƙara.