Cokali Guda Cikin Buhu

Ni ma'auni ne a kasuwar Marwa,
shekara talatin ina kan tiya,
na san nauyin masakwa ko ido a rufe.

Ran Litinin rediyon Wabi mai albasa ta ce
an ware miliyan ɗari uku
don gyaran gadarmu ta bakin mayo.
Wabi ya dafe ƙirji ya yi salati,
ya ce kuɗin nan in an jera su
sai su kai Kuseri su juyo.
Na ƙirga da dala, na ɓata,
na koma da jaka, na sake ɓata,
kai ya ɗau zafi, na haƙura.

Da la'asar Laure ta kawo mini tuwo,
autata ce, mai karatun lissafin kuɗi.
Na ba ta labari, ba ta ko ɗaga gira ba.
Ta ce: Baba, cikin nawa?
Na ce: wane irin cikin nawa?
Ta ce: in mutum ya ce maka ya ba da mudu,
ba ka tambayar girman rumbunsa?

Ta jawo buhu ta kwance baki.
Ta ce: ga kasafin ƙasa na shekara, ɗauke shi haka.
Ta kwashi tiyoyi ta tura gefe: albashi.
Ta sake kwasa: bashin da aka ci
tun ban iya ɗaura zane ba.
Soja, kwalta, alli, allura,
kowa ta zuba masa tsibinsa a kan tabarma.
Sannan ta ɗauki cokalin shayina,
ta ɗebo, ta shafe kansa da yatsa.
Ta ce: ga gadarku.

Wabi ya leƙo, ya yi tsaki,
ya ce ashe abin da ya sa shi salati
ko kaza ba zai ƙosar ba.

Ni kuwa shiru na yi.
Na san abin da cokali ke iya yi.
Na san ma'aunin da ya lotsa gindin mudunsa,
cokali guda yake rage wa kowa,
babu mai kuka, babu mai lura,
ga shi can ya yi bene a Domayo.

Ƙanƙanta ba ta hana abu ɓata,
ita ke sa a ƙi cigiyarsa.

Na ƙulle ƙwayoyin a tsumma
na rataye a ƙusar rumfa.
Damina saura wata biyu.
In ruwa ya zo muka haye da kekenmu a bushe,
zan watsa wa tattabaru.
In kuwa muka sake naɗe wando,
zan kwance ƙullin a gaban Lawan
mu ƙirga tare, ƙwaya ƙwaya,
mu ga nawa suka zube a hanyar Yawunde.